Jan Zare a Moɗata

Ni dai ban taɓa tari ba. A fara riƙe wannan.

Tun ina da jan ƙarfina nake wankan jarirai a Garo. Rabin mutanen unguwarmu ni na yanke musu cibi. Shekarar da idona na hagu ya yi jawur, nake ganin duniya kamar ta bayan hayaƙin murhu, na yi masa abin da na saba yi wa kowa: na sa mai jego ta ɗiga mini nono. Bai ji ba. Ɗana ya kai ni asibitin Gwarzo, daga can aka tura mu Kano.

Aka ɗauki hoton ƙirji, fes. Likitar ido, wata 'yar siririya da na yi jika da ita, ta ce, "Inna, ina zargin tarin fuka ne ya sauka a idon nan. Sai mun zuƙi ruwan cikinsa da allura mun ba na'ura. Ko ɓurɓushin ƙwayar cutar ta samu, za ta yi ta ninka shi har ya bayyana."

Na ce, "Tari a ido? Ashe shi ma yana kaki."

Ta yi dariya. "Ba kya tsoro?"

"Ni da nake yanke cibi? Ɗebi, yarinya."

Abin da ta zuƙa bai kai ƙwayar dawa ba. Bayan kwanaki sakamako ya fito, shi ɗin ne. Ta ce huhuna lafiya lau, ba na shafa wa kowa, in dai sha magani wata da watanni ba fashi.

To wannan rabin maganar a hanya ya faɗi. "Tarin fuka" kaɗai ya iso Garo. Matar ɗana ta ware mini kwano, ta ɗaura wa moɗata jan zare kada wani ya sha da ita. Aka yi haihuwa uku a unguwa, ba wanda ya aiko mini. Wannan ya fi allurar zafi.

Na yi ta haɗiyar ƙwayoyi, fitsarina ya koma kamar zoɓo, ban fasa ba. Hayaƙin ya soma janyewa.

Ranar da matar ɗan nawa ta sauka, sai na ji an aika ƙauyen Masanawa a ɗauko wata ungozoma. A gidana. Na ɗaura zane, na nufi ɗakin. Uwar mai jegon ta tare ƙofa.

"Hajiya, da kin huta, ai ba ki da lafiya."

Na ce, "Wa ya gaya miki ciwona?"

"Likita mana."

"To likitar nan ita ta ce ƙirjina wankakke ne. Kun ɗauki rabin maganarta kun bar mata rabi? Matsa, ruwan wankan yana hucewa."

Ta matsa. Na wanke jikana tas, har bayan kunne, da idona biyu ina kallonsa. Da na gama na ce a miƙo mini moɗata, na tsinke zaren da haƙori, na jefa ta cikin randar gida.