Keken da Aka Ce Na Bayar

Har yau in aka zo maganar kyauta a unguwarmu ta Nassarawo da ke Jimeta, sai wani ya kawo misali da ni, ya ce ai ni ne na ɗauki kekena sukutum na ba ɗan gudun hijira. Nakan sunkuyar da kai, su ɗauka kunya nake ji, alhali takaici ne. Ni ban ba kowa kekena ba.

Baƙin keke ne irin na da, mai sanda biyu, ga nauyi. Na saye shi tun ina saurayi, farkon kama aikina a sakatariya, kuma shi ya yi ta ɗawainiya da ni har furfura ta cika mini gemu. A kansa na je zance. A kan sandarsa 'ya'yana duka suka fara zuwa makaranta. Duk Asabar da hantsi nakan kifa shi a tsakar gida, in wanke sarƙar da kananzir, in ɗiga mata baƙin mai, in bi ƙarafan taya da tsumma. Ba na ba da aronsa. Mai facin bakin kasuwa ma ya san ba ya taɓa shi da guduma sai ina tsaye a kansa. Abokan aikina sun daɗe suna yi mini dariya, kowa da babur ɗinsa, har ranar da aka hana hawan babur a gari saboda tashin hankali. Daga nan na riƙa wuce su a bakin titi suna jiran abin hawa, ina kaɗa musu ƙararrawa.

Lokacin da mutane suka kwararo gudun hijira daga Mubi, yayan matata yana cikinsu. Hamma muke ce masa, kamar yadda ake kiran babban wa a gidajen Fulani. Ya iso da matarsa da 'ya'ya, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, don mafi yawan hanyar a ƙasa suka yi ta. Gona da shanu da rumbu duk sun baro su. Muka kwashe kayan ɗakin zaure muka ba su. Wannan na yi shi da zuciya ɗaya, kuma ko gobe zan sake.

Hamma manomi ne, zama ba ya karɓarsa. Da ƙafarsa ta sace sai ya fara zagaye tsakar gida yana gyara abin da bai lalace ba. Wata rana ya ji labarin wani mai lambu a bakin tafkin Njuwa yana neman mai taya shi aiki. Ya same ni ina goge keke.

"Malam, ka ara mini wannan in je in ga mutumin. Kafin azahar na dawo."

Na dubi matata, ta kau da kai. Na dubi ƙafafunsa da har yanzu suke saɓa. Na miƙa masa, tare da dogon bayani a kan birkin baya da yadda ake jingine shi.

Bayan la'asar ya dawo. Laka har sirdi, a baya kuma an ɗaure buhun alayyafo da igiyar roba. Washegari ban ma tashi daga lazimi ba na ji ƙarar ƙofa, ya fita da shi. Haka jibi, haka gata. Ni kuwa na koma shiga a-daidaita-sahu, ana cusa mu kamar kaji, ina biya don a taka mini ƙafa.

Na samu matata a madafi na ce, "Ki yi wa Hamma magana, aro fa na ba shi."

"To, Malam, zan gaya masa."

Abin da ta gaya masa, Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne, ranar Juma'a bayan magariba, Modibbo, limamin masallacinmu, ya juyo ya ce jama'a su ɗan dakata. Ya yi nasiha a kan taimakon waɗanda suka baro gidajensu, sannan ya nuna ni da hannu.

"Ga ɗan'uwanku nan. Kowa ya san yadda yake ji da kekensa, ko ɗansa ba ya hawa. Amma ya ɗauka ya ba surukinsa kyauta don ya nemi abinci. Allah ya saka masa da Aljanna."

Masallaci ya ɗauka da amin. Dattawa suka yi ta miƙo mini hannu. Hamma yana sahun baya yana share hawaye da bakin rawani. To a nan zan miƙe in ce a'a, Modibbo, a janye addu'ar, aro ne?

Na koma gida raina a ɓace na tambayi matata wa ya kai wannan magana. Ta ce ita dai ta faɗa wa matar Modibbo cewa na bar wa Hamma keke yana zuwa lambu. Na ce bari da bayarwa ɗaya ne? Ta ce, "To ai ga shi ka samu lada." Na ce ni kekena nake so. Ta ce in rage murya, baƙi suna ji.

Da damina ta matso, Hamma ya samu fili a Malkohi kusa da mutanen garinsu, ya yi 'yar bukka ya kwashe iyalinsa. Na yi ta murna a ɓoye, ina cewa ranar tashi zai jingine mini abina ya yi godiya. Godiyar kam ya yi, har da riƙe hannuna biyu. Sannan ya ɗaura tabarmi da tukwane a bayan keken ya tura shi waje.

Na daure watanni, sannan na shirya musamman na tafi Malkohi. A hanya na tsara maganata tsaf: zan ce gwiwa tana damuna, likita ya ce in riƙa motsa ta. Da na iso, ban gane keken ba sai da na ga lanƙwasar da ke jikin fedar hagu. An shafe shi da koren fenti irin na ƙofa. An cire murfin sarƙa. An kai wa mai walda ya ƙera masa wata shirgegiyar kariyar ɗora kaya a baya, da ke ɗaukar jarkokin ruwa. Ƙararrawar kuma babu.

"Ina ƙararrawar, Hamma?"

"Yara suna wasa da shi, na cire na ba su. Ni bakina ya isa." Ya shafa sirdin. "Ka ga yadda na gyara shi? Da ka bar shi ya lalace, Malam, fenti duk ya koɗe."

Na buɗe baki zan fara maganar gwiwa, sai maƙwabtansa suka fara shigowa. Ashe an sanar da su mai keke ya zo. Wata tsohuwa ta ce a kansa aka kai jikarta asibiti. Wani ya ce shi ke ɗebo wa layinsu ruwa. Aka kawo mini fura, aka kawo gyaɗa, aka sake yi mini addu'a. Gwiwar ban ambace ta ba.

Da zan tafi Hamma ya ce sam ba zan taka zuwa bakin titi ba, shi zai kai ni. Haka na hau bayan kekena, karo na farko a rayuwata, ƙarfen walda yana cin cinyata, ga damin yakuwa a hannu.

"Zauna daidai, Malam, kar ka yi ta motsi," in ji shi. "Keken nan ba ya son haka. Ni na san halinsa."

Na ƙanƙame damin yakuwar har muka iso titi.

Da ƙura ta lafa su Hamma suka koma gida Mubi, keken yana ɗaure a saman mota tare da katifu. 'Ya'yana sun sayo mini wani sabo, mai giya, mara nauyi. Na hau shi zuwa bakin layi na dawo na ce su mayar, ji na yi kamar na hau kujerar roba.

Kwanakin baya Hamma ya kira ni a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, keken nan da ka ba ni, feda ya karye. A nan ba a samun irinsa. Ka duba mini a Jimeta."

Na yi niyyar in ce ba ni da lokaci. Amma na san in na ƙi, wata fedar roba zai samo ya ɗaura masa. Na yini ina zagaye kasuwa cikin rana, shago bayan shago, har wani tsoho ya tono mini ita daga ƙasan buhu. Na kai tasha na ba direba. Da ta isa Hamma ya sake kira.

"Na dama ka aiko. Na hagu ne ya karye."

Na ce, "Ai ba ka faɗa mini ba."

"Haba Malam, kai da ka san keken?"

Na kashe wayar na zauna ina huci. Matata ta leƙo ta tambayi ko lafiya. Na ce ta miƙo mini hulata, kasuwa zan koma kafin tsohon nan ya rufe shago.