Mai Walda da Allunan Barka da Zuwa

Tartsatsi mai walda ya zo layinmu tun ba a kiran wurin unguwa. Gonaki ne a lokacin, da wani rafi siriri da mutum ke tsallakewa ko wando bai tattare ba. Ya sayi fili a bakin rafin don nan ne ƙarfinsa ya kai, ni kuma na ɗora masa bulo, domin ni birkila ne. Daga baya na zama maƙwabcinsa, katanga ɗaya ta raba mu. Ɗaki guda muka fara yi a can ƙuryar filin, na matarsa, Maman Biyu. Shago da sauran ɗakunan sai a hankali suka biyo baya.

A wurin aiki ya samo sunan nan. Ba shi da riga ko ɗaya da ba ta da 'yan ramukan ƙuna, har wadda yake zuwa biki da ita. Idanunsa kullum ja, maganarsa kaɗan. Ƙofar da ya haɗa wa gidana, 'ya'yana sun yi lilo a kanta har sun girma, ba ta taɓa sauka ba. Aibinsa ɗaya da na sani shi ne ya yarda da zaɓe.

Da gari ya cika ya tumbatsa, duk wanda haya ta kora sai ya fito wajenmu: direbobi, masu gadi, malaman makaranta, masu shara a asibiti. Sai aka ce mun yi yawa, a yanka mana mazaɓa tamu, mu sami ɗan majalisa namu. Waɗanda suka yi yankan ba su zo da ƙafarsu ba. Taswira suka duba, suka ga wani shuɗin zare, suka ce rafi ne iyaka. Daga rafi zuwa ciki, mazaɓar cikin gari. Daga rafi zuwa waje, mazaɓar bayan gari. Rafin ta gaban gidajenmu yake wucewa, saboda haka mu 'yan bayan gari ne, babu gardama.

Mazaɓar nan ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Da farko ta bi jam'iyya mai mulki, don an yi mata alkawarin famfo. Famfo bai zo ba, ta koma wa 'yan adawa, don sun ce kwalta. Daga nan ta zama kamar ƙofar shago, a tura ciki, a tura waje, kuma kowane zaɓe da ƙuri'u 'yan kaɗan ake cin ta. Masu surutu a rediyo suna son mu saboda haka. Sukan ce wanda yake son sanin inda ƙasa ta dosa, ya dubi mazaɓarmu. Babu ɗayansu da ya taɓa zuwa ya ga inda ƙasar da ke ƙarƙashin gidajenmu ta dosa.

Tartsatsi bai taɓa fashin zaɓe ba. Yakan rufe shago, ya goge hannunsa da kananzir da sabulu don zanen yatsansa ya fito, ya je ya bi layi a rana.

In ya dawo Maman Biyu ta ce, "Baban Biyu, wa ka zaɓa mana yau?"

"Sirri ne."

"To sirrin nan naka, yaushe zai fara kawo ruwa? Na gaji da jiran 'yan garuwa."

Sai ya yi dariya ya ce wanda bai jefa ba, ba shi da bakin magana. Ni na ce masa wanda ya jefa ma ban ga bakin nasa ba.

Kwaltar da aka yi alkawari ta zo daga ƙarshe, amma ba layinmu ba, babban titi na sama da mu. Ɗan kwangila ya sa kwalbati inda ya fi masa sauƙi, ba inda ruwa yake bi ba. Damina ta farko ruwa ya fito daga bakin kwalbatin ya ga ba hanyarsa ba ce, sai ya yi wa kansa sabuwa, ta bayan gidajenmu. Tsohon rafin ya bushe, aka cike shi da shara, yanzu masu babur ne ke tsayawa a kai. Sabon kuwa ba siriri ba ne. Kwazazzabo ne, kuma kowace damina sai ya ƙara matsowa.

Haka layinmu ya wayi gari da rafi biyu, matacce a gaba, mai rai a baya. Doka ta ce rafi ne iyaka, ba ta ce wanne ba.

In zaɓe ya zo, kowa namu ne. Ɗan takarar cikin gari ya ce rafi shi ne inda ruwa ke gudu, saboda haka mu nasa ne. Na bayan gari ya ce rafi shi ne na taswira, mu nasa ne tun asali. Wata shekara a tura mu makarantar firamare mu jefa, wata shekara a ce sunanmu ya koma ƙaramin asibiti na ɗaya ɓangaren. Tartsatsi ya zaɓi 'yan majalisa a mazaɓa biyu, ko gadonsa bai matsar ba. Da an rantsar da su kuma sai su yi musayar hujja, kowa ya ɗauki ta abokin hamayyarsa.

Shekarar da makewayin Tartsatsi ya faɗa kwazazzabo, ya sa rigar bikinsa ya ce in raka shi. Muka fara da ofishin ɗan majalisar bayan gari, wani mai yawan murmushi. Shi ba mu gan shi ba, sakatarensa muka gani, yana juyi a kujera.

"Baba, ina ne gidan naku?"

Tartsatsi ya kwatanta.

"Ayya. Ai ku 'yan tsallake ne. Ruwa ta bayanku yake bi, ko ba haka ba? To kun tsallaka. Ku je cikin gari."

Muka hau mota muka je ofishin na cikin gari, mai tabarau. Shi ma sakatare. Wannan har ruwan sanyi ya ba mu, ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai kamar an yi masa rasuwa.

"Wallahi abin tausayi. Amma Baba, ku ai 'yan tsallake ne. Iyakarmu a tsohon rafi ta tsaya. In mai girma ya yi aiki a can, sai a ce ya shiga gonar wani."

Tartsatsi ya ɗaga babban yatsansa. "Ɗana, wannan yatsan ga mai tabarau ya dangwala a zaɓen da ya wuce. Ran nan ba wanda ya ce ya shiga gonar wani."

"Ai wannan zaɓe ne, Baba. Wannan kuma aiki ne."

Kalmar da ta bi mu ke nan. Tsallake. Ka tsaya a gabas a ce maka tsallake, ka zagaya yamma a ce maka tsallake. Har yaran layi in suna wasa, wanda aka ƙi sawa a ƙwallo shi ne ɗan tsallake.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da wa'adinsu ya kusa ƙarewa sai kowannensu ya so ya nuna iyakar mulkinsa da babban allo. Kuma duk yankin an san wanda ya iya ƙarfe. Tartsatsi ne ya haɗa allunan biyu. Na ce masa ya yi musu na gwangwani, iska ɗaya ta kwashe.

Ya ce, "Birkila, kai ka taɓa gina karkatacciyar katanga don mai gida bai da kirki?"

Da fallen ƙarfe mai kauri ya yi su, da ginshiƙai na bututu, kowane allo ya fi ƙofar gareji faɗi. Na mai tabarau aka kafa a bakin tsohon rafi, na mai murmushi a can gaɓar kwazazzabo. Dukansu layinmu suke kallo, da hoton mai girma da manyan haruffa: Barka da zuwa. Duk ta inda ka fita daga gidanka ana yi maka barka da zuwa. Babu mai yi maka barka da zama.

Da hadarin farko ya fara haɗuwa a shekarar, Maman Biyu ta kira ni. Ta janye labule ta nuna mini bangon ɗakinta na baya. Tsaga ce daga taga har ƙasa, wadda hannu ke shiga. Na zagaya baya na duba. Tsakanin harsashin ɗakin da bakin kwazazzabo, ko akuya ba za ta kwanta ta miƙe ƙafa ba.

Ta ce, "Birkila, kada ka ɓoye mini."

Na ce, "Yaya, ruwan kirki ɗaya, ɗakin nan ya tafi."

"A nan na haifi Biyu," ta ce. Ba ta yi kuka ba, ta shiga naɗe katifa.

Tartsatsi ya tambaye ni me zai tsayar da shi. Na ce bango na kankare, wanda babu mai ƙarfinsa a layinmu, kuma ko da akwai, ruwa ba zai jira ya bushe ba. In ba haka ba, sai wani abu mai faɗi da ƙarfi da za a kafa a jikin gaɓar, a cika bayansa da dutse da buhunan yashi. Sai na ga ya ɗaga kai yana kallon allon mai murmushi a tsallaken ruwa.

Washegari da rana tsaka ya ɗora janareta da injin yanka a baro. Ban taɓa ganin ya yi abu a ɓoye ba, wannan ma bai ɓoye ba. Masu babur suna kallo ya yanke ƙafafun allon mai tabarau, tartsatsi na tashi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Oga, gyara za a yi?"

"Aiki zai fara," in ji Tartsatsi.

Su ne ma suka kama masa ɗauka. Muka zagaya ta titi muka sauko da na mai murmushi. Kafin la'asar mun kafa ginshiƙan a gindin gaɓa, ya haɗa allunan biyu da walda kafaɗa da kafaɗa, fuskokinsu na kallon ruwa. Mata suka yi ta miƙo duwatsu. Tun da aka zaɓe su, ranar ce mutanen nan biyu suka fara tsayawa wuri ɗaya don wani.

Kwazazzabo ya yi shekara da shekaru yana cin gidaje, ko ɗan aike ba mu gani ba. Allo kuwa bai kwana biyu ba sai ga motoci. Sakatarorin nan biyu suka iso kusan tare, kowa da fushinsa, aka tafi da Tartsatsi ofishin 'yan sanda, muka bi shi, Maman Biyu a gaba.

Ɗan sandan da ke karɓar ƙara a kanta dattijo ne, da alama ya gaji kamar mu. Ya ce to, ƙara biyu a kan mutum ɗaya, wa ke da hurumi? A mazaɓar wa mutumin nan yake?

"Tamu!" in ji sakataren mai murmushi.

"Ƙarya ne, tamu! Ruwa ta bayansa yake bi!" in ji na mai tabarau.

"Taswira fa? Layin nan namu ne tun ranar da aka yanka mazaɓa!"

Tartsatsi, da ke zaune a benci ba takalmi, ya ce, "Yallaɓai, don Allah a ce su maimaita. Kunnena ya lalace da ƙarar inji."

Maman Biyu ta ce, "Baban Biyu, ashe gata gare ka haka? Da na sani ai da tun bara ka yi sata."

Ɗan sandan ya rufe baki da hannu. Da ya gama tari, ya ce wa sakatarorin kayansu ba su ɓata ba, an san inda suke. Wanda yake son nasa ya je ya ciro, amma da rana, a gaban mutanen layi, kuma in ɗakin matar nan ya bi allon, shi zai dawo ya zauna a bencin nan. Zaɓe ya ƙarato, kowa kuma yana da waya mai ɗaukar hoto. Babu wanda ya je. Tartsatsi ya kwana a can duk da haka, don a nuna an yi wani abu. Ɗan kwangilar da ya karkatar da rafi ko yini bai taɓa yi a wurin ba.

Ruwa ya zo da ƙarfinsa a daminar nan. Na tsaya a kan katangata ina kallon jan ruwa yana dukan mai tabarau a baki, yana wanke wa mai murmushi haƙora. Walda ba ta saki ba. Na toshe tsagar da siminti, Maman Biyu ta mayar da katifarta. Amma allo biyu ne kawai, layin kuwa dogo ne. Tela da ke ƙasa da mu ya rasa ɗaki da rabin tsakar gida, ya kwashe iyalinsa ya koma haya. Aka zo daga ofisoshin biyu aka yi masa jaje, kowa ya ce abin takaici ne a ce ɗan majalisar wancan ɓangaren bai yi komai ba.

Tun daga nan 'yan siyasa suka daina ba Tartsatsi aiki. Sabbin allunan da aka kafa kafin zaɓe, wani ne ya haɗa su. Ranar jefa ƙuri'a na same shi da safe ya goge hannu da kananzir, ya sa rigar biki. Na ce, "Har yanzu?"

Ya je gindin allon da ke bakin tsohon rafi ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurara. Ya zagaya ta titi, ina biye da shi, ya ƙwanƙwasa ɗayan. Na farkon gwangwani ne. Na biyun ya ɗan fi kauri.

"Wannan zan zaɓa," ya ce. "Bayan na tela, gidan direba ne ke biye, bangonsa ya fara tsagewa."

Muka je makarantar firamare, aka ce sunanmu ba ya nan, mu duba tsallake.