Kawu Ila ya ƙi tashi da mota wayam

Wuta ta nuna kore a tele, motocin tsere duk sun fice, tamu tana nan tsaye cik.

Taubashina Sani ne ya zo daga Kano da PS ɗinsa, na'urar wasan bidiyo. Kwana uku yana lallasa mu a wasan tseren mota, har yana cewa Magariya kaf babu direba. Haushi ya sa na ɗauko Kawu Ila, wanda ya shekara talatin yana jan mota tsakanin Magariya da Damagaram. Na damƙa masa manet, abin sarrafa wasan, na nuna masa totur da birki.

Na ce, "Kawu, taka mana! Sun tafi!"

Ya ce, "In tashi da mota wayam? Ko fasinja ɗaya babu!"

Da ƙyar ya yi bisimilla ya tashi. Bai yi nisa ba ya hango 'yan kallo a bakin hanya, ya ci birki, wai ko akwai mai zuwa Bande. Da wata mota ta goge shi kuwa, cewa ya yi in nuna masa maɓallin sauka, yana da magana da direbanta.

Sai da Sani ya gama, ya sha shayi, ya kwanta yana dariya, sannan muka iso.

Kawu ya ajiye manet, ya dubi Sani ya ce, "Kai da ka riga ni isa, wa ka kai?"



Ni dai har yanzu ban yarda an cinye mu ba. Jama'a, ku raba mu: wane ne direba a nan?