Kawu Ban-Yarda da Kujerar Babban Kanti

Idan ka yi wa Kawu sallama da safe, hannunka yake fara kallo kafin ya amsa, ya ga ko ka riƙo wani abu nasa. A shagonmu na haɗa kujerun kushin babu wanda ya kai shi daɗewa. Tun zamanin mahaifin Mai Shago yake nan, a kan benci ɗaya kusa da taga. A bayan idonsa muna kiransa Ban-Yarda, domin ko ce masa ka yi ana ruwa a waje, sai ya zura hannu ta taga ya ji ɗigon a fatarsa tukuna.

An ce da can ba haka yake ba. Ɗan kafinta ne, da miƙe lanƙwasassun ƙusoshi ya fara koyon aiki. Da ya tasa ya haɗa hannu da wani abokinsa, shi yana haɗa katako, abokin yana cusa soso ya rufe da yadi. Ashe tsummoki da kwali mutumin yake cusawa. Ranar da wata kujera ta burma da surukin wani mai hali a gaban baƙi, sunan Kawu aka kira ana zagi, abokin kuwa ya sulale. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Tun daga nan Kawu ya ɗauki wata ɗabi'a: duk kujerar da ya gani sai ya kifa ta ya duba ƙasanta, ko da a gidan mutane ne. Matarsa ta gaji da ba da haƙuri har ta daina zuwa unguwa da shi.

Ni kuwa tela ne asali, shi ya sa Tela kowa ke kirana. Kayan gwanjo ne suka kashe mini shago, na zo nan da gemuna da 'ya'ya mata biyu, ina ɗinka rigunan kujeru. Kawu bai taɓa yarda da ni ba. In na gama ɗinki sai ya kama shi da hannu biyu ya ja kamar mai raba faɗa, in bai yage ba ya ce, “Yau ka yi sa'a.” Abin yana ƙona mini rai, wallahi, amma na iya bakina.

Ana nan kasuwa ta ja baya. Mai Shago ya tara mu ya ce kafin wata ya ƙare dole a rage mutum ɗaya, kuma shi abin da Kawu ya ce shi zai yi. Babu wanda ya kalle ni, amma kowa ya san ni ne baƙo a wurin.

Sai ga shi bayan kwana kaɗan, za a je babban birni sayo yadin kujera da soso, Kawu ya nuna ni da haɓa ya ce, “Wannan zai raka ni.” Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ko almakashinsa ba ya ba ni aro, shi ne yau yake son rakiyata? Tarko ne. So yake ya kama ni da wani laifi a hanya, ya samu abin faɗa wa Mai Shago.

Haka muka shiga mota, shi yana zargina, ni ina zarginsa. Ya rungume jakarsa a ƙirji har muka isa. Ni ban taɓa zuwa birnin ba, kuma ba zan ɓoye ba, na saki baki. Gada a kan gada, motoci suna wucewa ta saman kanmu, benaye na gilashi da sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensu. A wani dandali ruwa ne ke tsiri sama yana dawowa, mutane suna ɗaukar hoto. Na ce, “Kawu, dubi ikon Allah!” Ya ce, “Ikon famfo dai. Rufe bakinka, kuma ka dafe aljihunka, kallon sama ake sa mutum a yanke shi ta ƙasa.”

A kasuwar yadi na ga abin da ya fi ƙarfina. Kawu zai karce yadi da farce, ya sansana, ya zare zare ɗaya ya ciza. In ya amince da bandir, sai ya sa a warware shi tun daga farko har ƙarshe, wai kada tsakiya ta bambanta da baki. Wani mai sayar da yadi ya ce, “Haba Baba, mu da muke tare shekara da shekaru!” Kawu ya ce, “Shi ya sa.” Na tsaya na saya wa 'yan matana takalma masu fure, nan da nan ya matso yana tambaya me ya sa na zaɓi wannan rumfar, ko ɗan'uwana ne mai ita. Shi kuma ya saya wa matarsa filas, amma sai da ya sa aka zuba ruwan zafi a ciki, muka je muka gama cinikin soso, muka dawo ya tsoma yatsa, sannan ya biya.

Da muka ba direba kayan ya ɗaure, Kawu ya ce akwai inda yake so ya leƙa. Wani babban kanti ne mai hawa-hawa, wanda masu sayen kujerunmu ke yawan kawo hotunan kayansa su ce irin wannan suke so. Ya daɗe yana cewa ƙarya ce a lulluɓe, yau zai gani da idonsa.

Tun daga ƙofa muka zama abin kallo. Da muka iso matakalar nan mai tafiya da kanta, Kawu ya tsaya yana hararar ta, sai da mutane suka taru a bayanmu sannan ya taka, ya damƙe kafaɗata kamar zai cire ta. A hawa na sama muka tarar da kujerun, an jera su a ƙarƙashin fitilu, sanyi yana busawa, ƙamshi ko'ina. Na juya ina kallon wata doguwa mai ruwan toka. Kafin in waigo, Kawu ya riga ya kifa wata kujera mai zaman mutum ɗaya, ya durƙusa, ya zaro 'yar askarsa ta aiki ya ɓanɓare baƙin ƙyallen da ake rufe ƙasanta da shi.

“Kai! Kai tsoho! Me kake yi?”

Masu gadi biyu suka dirar masa. Ɗaya ya murɗe hannun da ke riƙe da askar, ɗaya ya finciko shi ta wuyan riga, hularsa ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur. Suka zaunar da shi a ƙasa suka ce ya zazzage aljihunsa. Ga ƙananan ƙusoshi, ga guntun alli, ga tef na awo, ga 'yar guduma. Wani a cikin 'yan kallo ya ce irinsu ne ke yanka jakunkunan mata. Kawu, wanda duk rayuwarsa shi ke zargin mutane, yana zaune a ƙasa da furfurarsa a waje ana kiransa ɓarawo.

Raina ya ɓaci. Na kutsa na ce, “Ku sake shi! Wannan ya haife ku. Mai haɗa kujeru ne tun ba a haifi iyayenku mata ba.” Na ƙara da wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Allah ya taimake mu shugabar sashen ta iso, wata mace mai sanyin murya. Ta saurare ni, ta dubi kujerar, ta ce, “To Baba, tunda sana'arka ce, mayar da shi yadda yake. In ba haka ba sai dai a kira 'yan sanda.”

Kawu ya ɗauki gudumarsa ya ɗauki ƙusa. Ƙusar ta faɗi. Ya ɗauki wata, ya saita, hannunsa yana karkarwa, ita ma ta faɗi ta yi tsalle a kan tayil. Ya sake gwadawa ya bugi yatsansa. Na durƙusa kusa da shi na ce a hankali, “Kawu, kama mini ƙyallen, ni zan buga.” Ya sakar mini gudumar ba tare da ya dube ni ba.

Kafin in rufe na leƙa ciki, shi ma ya leƙa. Katako ne mai kyau, busasshe, an haɗa shi tsaf, soso sabo fil, babu tsumma babu kwali. Aikin gaskiya ne. Ina jin wannan ya fi murɗe hannun yi masa ciwo. Na buge ƙusoshin, na ɗauko masa hularsa na kakkaɓe, muka fito. Da muka dawo garinmu, za mu rabu a tasha, sai ya ce, “Ka dai ga abin da ka gani.”

Na ɗauka tsoro ne ya sa hannun rawa. Da muka koma aiki na fara lura, sai na gane ba haka ba ne. In zai yanka yadi sai ya jingina tsintsiyar hannunsa da gefen benci. In aikin ƙananan ƙusoshi ne sai ya tura wa wani, ya ce yana so ya ga ko ya iya. Shayinsa ma ba ya cika kofi. Ashe ya daɗe yana ɓoyewa, kuma duk shagon ni kaɗai na sani.

Nan fa Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da keken ɗinkina. Kalma ɗaya zan faɗa wa Mai Shago, in tsira da aikina. Kawu kuma ya san na sani, don haka ya ƙara tsananta mini. In aka yi dariya a wani lungu, sai ya ɗago ya zuba mini ido. In na shiga ofishin Mai Shago karɓar zare, ina fitowa zan tarar da shi a bakin ƙofa wai yana neman alli. Ɗinkina kuwa har da wanda ba shi da laifi ya sa na farke. Na ce a raina, wannan tsoho, na rufa maka asiri kana saka mini da tsiya?

Akwai wani mai fenti a shagon da muke kira Rediyo, saboda ba a kashe shi. Ya bi ni ya dame ni. “Tela, me ya faru a birni ne? Tsohon nan ya dawo kamar an zare masa laka. Gaya mini, wallahi ba mai ji.” Ya saya mini lemo, ya raka ni har bakin layinmu. Ranar ƙarshe ma cewa ya yi, “Kai wawa ne? Kai za a kora fa. In kana da abin faɗa, faɗi ka ceci 'ya'yanka.” Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na tuna Kawu zaune a ƙasa babu hula, na haɗiye ta. Na ce, “Mun ga gada, mun sayi soso, mun dawo.” Ko maiɗakina iyakar abin da ta ji ke nan.

Ranar da wata ya ƙare Mai Shago ya sake tara mu. Na riga na naɗe tef ɗina na sa a aljihu, don kada in tsaya tattara kaya a gaban mutane. Ya ce, “To Kawu, muna saurarenka.”

Kawu ya miƙe. Maimakon ya kira suna, sai ya fara ba da labarin kantin da bakinsa, tun daga kifa kujera har faɗuwar hula, bai rage komai ba. Rediyo ya fara dariya, ya ga babu mai taya shi, ya shanye abarsa. Sannan Kawu ya miƙa hannayensa biyu a gaban kowa, ya bar su suna rawa.

“Kun gani? Ya daɗe. Tela ya sani tun ranar. Ni na zaɓe shi ya raka ni don in kama shi da laifi, ni kuma na tura Rediyo ya bugi cikinsa, har kuɗin lemo ni na bayar. Na jira ya sayar da ni, ya ƙi, alhali wuƙa tana wuyansa.” Ya juya wajen Mai Shago. “Ka ce mutum ɗaya zai tafi. Ni ne. Ɗinkinsa kuma ba ya yagewa, na ja iya ƙarfina.”

Mai Shago ya shiga rantse-rantse, yana cewa ba haka yake nufi ba, mahaifinsa ba zai yafe masa ba. Kawu bai ko saurare shi ba. Ya koma bencinsa ya fara jera kayan aikinsa a akwatin ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na samu abin da na kwana ina roƙo, amma ko ɗigon farin ciki babu a raina. Kunya ce ta rufe ni, da tausayi, da haushin tsohon da sai da zai tafi ya ga dama ya yabe ni.

Ya rufe akwatin. Rediyo ya miƙa hannu zai ɗauka, Kawu ya buge hannun. Ya sunkuya ya gwada ɗagawa da kansa, akwatin ya ƙi tashi. Sai ya ɗago, a gaban kowa, da murya sarai ya ce, “Tela, ƙanena, zo ka ɗaukar mini. Ba zan iya ba.”

Na ɗora akwatin a ka na bi bayansa. Har muka kai ƙofar gidansa bai waiwayo ba, na kuwa gode Allah, don hawaye nake yi kuma hannuwana duka biyu suna riƙe da akwatin.