Turke Ɗaya, Gilashi Biyu

Har gobe ba zan manta da ranar da na tsaya a bakin wata ƙorama a ƙasar Kirikasamma ba, sabon gilashi a gaban kyamarata, ina ganin babu mai hoto kamata a duk Haɗeja. Ƙannena da kuka shigo sana'ar nan a bayanmu, kun sha tambayata inda za ku sami gilashi mai faɗi da araha. Zan faɗa muku, amma sai kun ji abin da nawa ya jawo. Laifin nawa ne, ba na kowa ba, gara in faɗa tun farko.

Sunana Isuhu. Karatuna bai wuce sakandare ba, hoton ma a shago na koya. A lokacin kyamarata irin ƙananan nan ce marasa madubi, ta hannu na saye ta. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, a cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti da ke karɓar haske. Na irin tawa ƙarami ne, saboda haka duk gilashin da ka ɗaura mata sai ta matse abin da yake gani, kamar lambarsa ta ninka biyu, alhali ƙaramar lamba ita ce mai faɗi. Gilashina ɗaya ne tak, mai lamba ashirin da biyar, a wurinta kuwa hamsin ne. Yana fitar da fuska tas, amma ba shi da faɗi. In na shiga ɗakin amarya sai in manna bayana da bango, duk da haka rabin jeren ba ya shiga. Wata uwar amarya ta taɓa ce mini, "Kai mai hoto, kabat ɗin da ka bari a waje kai za ka biya shi?" Mata suka yi ta dariya. Abin ya tsaya mini a rai.

Ana cikin haka wata ƙungiya mai taimakon manoman fadama ta ɗauke ni aikin wucin gadi. Shugabata a aikin Madam Rifkatu ce, mutuniyar kudancin Kaduna, amma ta daɗe a Haɗeja har Hausarta ta koma tamu. Ita ce jami'ar da ke zagaya ƙauyuka, ni kuma mai ɗaukar mata hoto.

Aikin na kachalla ne, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, wadda ta cinye mana hanyoyin ruwa. In ta toshe ƙorama, na sama ruwa ya ci gonakinsu, na ƙasa kuma su rasa na ban ruwa da na kamun kifi. Ga tsuntsayen jan baki da ke kwana a cikinta su wayi gari a kan shinkafar mutane. Ƙungiyar tana da injin yashe guda ɗaya, ƙauyuka masu nema kuwa da yawa. Sai suka kafa ƙa'ida: ƙauyen da ya fi nuna himma da aikin gayya, shi za a kai wa injin ya ƙarasa. Masu yanke hukuncin suna hedkwata, ba sa zuwa daji, hoto kawai suke gani. Za a kafa turke a bakin ƙorama, a tsaya a gindinsa a ɗauki hoto kafin a fara aiki, in an gama a koma nan ɗin a sake ɗauka. Ba a yarda a datse hoto ko a taɓa shi ba, domin an taɓa yi musu coge. Yadda ya fito daga kati haka ake turawa.

Ƙauyen da nake magana a kai ba zan faɗi sunansa ba. Bulamansu, wato mai garinsu, dattijo ne siriri, mai raha. Ranar hoton farko shi da kansa ya riƙe turken ana bugawa. Na ɗauka da tsohon gilashina. Bakin ƙoramar ya cika hoton, kachalla ta shaƙe shi, ko ɗigon ruwa ba a gani.

Bulama ya leƙa ya ce, "To mai hoto, in ka dawo sai ka zo da kwale-kwale."

Suka shiga aiki, ni kuma na karɓi kuɗin aikina na farko na nufi Kano neman gilashi mai faɗi.

Ku saurara, nan ne amsar tambayarku. Na farko da aka nuna mini na kamfanin kyamarar ne, sabo a kwali. Da na ji kuɗin sai na mayar da shi a hankali da hannu biyu, don ya kai na babur. Wani ya kawo mini tsohon gilashin kyamarar fim mai lamba ashirin da takwas, da zoben da ake haɗa shi da irin tawa, yana rantsuwa cewa a zamaninsa da shi ake ɗaukar taron makaranta. Gaskiya ya faɗa, amma a kan tawa ya koma hamsin da shida, ya fi nawa ma matsi. Wani kuma ya ba ni ɗan gilashin da ake murɗawa a gaban wanda kake da shi. Ya ƙara faɗi kam, sai dai duk wanda ya tsaya a gefe fuskarsa ta zama kamar an shafa mata man shanu.

La'asar ta yi na faɗa shagon wani Alhaji mai kayan hannu. Ya fito da wani ɗan dunƙulalle ɗan Cana, ƙirar ƙasar Sin, lambarsa bakwai da rabi, ba ya saita kansa, da hannu ake murɗa shi. Na ɗaura na duba, sai ga shagon gaba ɗaya, har da takalmana.

Alhaji ya ce, "Yaya, mutumin Haɗeja? Wannan ko kogin naku ka nuna masa sai ya haɗiye."

Kuɗina bai kai ba. Ya dubi tsohon gilashina ya ce, "Bar mini wannan, ka cika abin da ke hannunka. Me za ka yi da makaho bayan ka sami mai ido?"

Wallahi a lokacin turken nan ya faɗo mini a rai. Na san akwai hoto na biyu da ke jirana. Amma na tuna dariyar matan nan, na ce a zuciyata ai wanda ya fi faɗi ya fi nuna aiki. Na kwance tsohon na miƙa masa.

Da lokaci ya yi muka koma ƙauyen. Abin da na gani da idona ba ƙarami ba ne. Maza sun yi makonni a cikin ruwa iya ƙirji, da lauje da adda, suna sara suna jan saiwa zuwa gaɓa. Ƙafafunsu duk tabon matsattsaku, tafin hannunsu ya tsattsage. Ruwa na tafiya a ƙoramar, har wani ya zo da kwale-kwale don a cika maganar Bulama. Suka jeru a gaɓa da kayan aikinsu, mata na guɗa daga nesa. Na tsaya a gindin turke na ɗauka.

Gilashi mai faɗi yana da hali guda: don ya kwaso komai, sai ya tura komai nesa. Ƙoramar da suka buɗe ta koma kamar zare a tsakiyar hoton. Mazan suka zama kamar tururuwa. Dama da hagu kuwa, har inda sama ta haɗu da ƙasa, kachalla ce kore shar, wadda tsohon gilashina bai taɓa nunawa ba. Ni a lokacin kyan hoton kawai na gani. Bulama ya ce in wanko musu babba, na ce an gama.

A ofis Madam Rifkatu ta jera hotunan biyu a kwamfuta.

Ta ce, "Malam Isuhu, wurin nan ɗaya ne kuwa?"

Na ce, "Ga turken nan a ƙasan hoton, Madam."

"Na gan shi. Amma ni da na je wurin, na ga aiki ya fi haka. Wannan kamar ma ciyawar ƙaruwa ta yi. Ba za ka koma da wancan gilashin na farko ba? Da sauran lokaci kafin a rufe karɓa, zan ba ka mota."

Nan ne Allah ya buɗe mini ƙofa, ni kuma na rufe ta da hannuna. Da na ce mata na sayar, da ta yi faɗa, sannan mu nemi aro, don akwai mai irinsa a garin Malam Madori. Amma na ji kunyar a ce mai hoto ya sayar da kayan aiki a tsakiyar aiki. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Madam, wannan shi ake yayi. Manyan masu hoto da shi suke aiki. Na hedkwata sun san abu mai kyau."

Ta dube ni ta ce, "To, kai ne masanin abin. Ni duba gari na karanta, ba hoto ba." Ta tura.

Na wanko babban hoton, na sa masa firam, na aika wa Bulama. Ko kwabo ban karɓa ba, ina ganin alheri na yi.

Da sakamako ya fito, wani ƙauye aka ba injin. A kan namu aka ce aikin da aka yi kaɗan ne in aka kwatanta da abin da ya rage. Madam ta rubuta musu cewa ta gani da idonta, suka ce ƙa'ida hoto ce, in aka karya wa ɗaya sai an karya wa kowa. Sai a ranar na gaya mata gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da ka faɗa mini a ranar, Isuhu." Ta ci gaba da aikinta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauka iyakar ɓarnar ke nan, na ce baɗi sa sake gwadawa, ni kuma in gyara. Na yi aron gilashi irin na da, rani na zagayowa na hau babur na tafi da kaina.

Na tarar da ƙoramar ta rufe ruf, turken ma sai da na laluba. Bulama na zaune a zaurensa, ya rame. Hoton da na aika masa na rataye a bango, sama da kansa. Muka gaisa, na tambayi ranar da za a fara gayya.

Ya ce, "An yi shela. Waɗanda suka fito ba su cika tabarma biyu ba, su ma tsofaffi. Samarin sun tafi cirani, wasu Kano, wasu kudu."

Na ce, "Saboda injin da ba a samu ba, ranka ya daɗe?"

"A'a. Da can ma ba mu da inji, kuma muna fita duk shekara." Ya nuna bango da sandarsa. "Wancan ne. Tun da ka aiko shi, duk wanda ya shigo sai ya tsaya yana neman kansa a ciki. In ya samu, sai ya dubi ciyawar, ya fita. Wani cikin 'ya'yana ya ce mini, Baba, ashe abin da muke yi ke nan?"

Na sauka daga kan tabarma na durƙusa, na faɗa masa komai, tun daga shagon Alhaji har ƙaryar da na yi wa Madam. Na ce ya yafe mini, ya bar ni in sauke hoton in ƙona.

Ya ce, "Tashi, ɗana. Kachallar da ke ciki, kai ka zana ta?"

Na ce a'a.

"To hotonka bai yi mana ƙarya ba. Mu dai da, in muna cikin ruwa, iyakar bakin laujenmu muke gani, shi ya sa muke iyawa. Na yafe maka. Hoton kuma bar shi inda yake, sun riga sun gani."

Ya sa aka kawo mini fura. Na sha don kada in ƙi, amma ban ji ɗanɗanonta ba.

Bara na sake bi ta can. Bulama ya rasu, Allah ya jiƙansa. Fadamar da ke ƙasan ƙoramar, inda suke alkama da tattasai, ta bushe ta tsage. Ban ce hotona kaɗai ya jawo haka ba, kachalla ta fi ƙarfin ƙauyuka da yawa da ban taɓa taka su ba. Amma ban isa in cire hannuna ba.

To ga amsarku. Gilashi mai faɗi da araha yana nan, ku nemi irin 'yan Canan da ake murɗawa da hannu, ku duba lamba ƙasa da goma sha biyu in kyamararku irin tawa ce, kada ku yarda da tsohon gilashin fim. Amma kada ku sayar da na hannunku don ku saye shi, kuma aikin da kuka fara da gilashi ɗaya ku ƙarasa da shi. In kun yi kuskure ku faɗa tun mota na nan. Mutanen da muke ɗauka sun yarda cewa yadda muka nuna su haka suke, ba su san cewa mu ne muke zaɓar girmansu ba.

Gilashin yana jakata har yanzu, da shi nake ɗaukar ɗakin amare, kabat da gado duk suna shiga. Amma in aka ce mutane ne suka yi aiki suna so a ɗauka, sai in kwance shi in mayar jaka, in matsa kusa har sai na ga tsagar hannunsu.