Filasmar da Baba Almu Ya Latsa

A unguwarmu ta bakin layin dogo a Agege, in aka ce wa mutum "kada ka yi mana irin ta Baba Almu", ana nufin ya duba kaya da ido, ya bar hannunsa a aljihu. Asalin maganar wata Asabar ce da Almu mahauci ya shiga wani shagon kayan wuta can wajen Pen Cinema zai sayi filasma, wato talabijin ɗin nan mai faɗi marar ƙeya. Mai shago ya jera masa guda uku ya kunna, launi na ta walƙiya. Almu ya zagaya su, ya leƙa bayansu kamar mai duba ƙugun bijimi, ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinta. Sai kuma ya yi abin da ya saba yi wa cinyar saniya in yana son sanin ko ta kwana: ya ɗora babban yatsansa a fuskar gilashin ya latsa.

Nama in an latsa shi yakan dawo. Filasma ba ta dawowa. Aka ji ɗan ƙas, baƙin tabo mai girman goro ya fito a gefen hagu, da 'yan jijiyoyi kewaye da shi. Mai shago ya ɗora hannu biyu a ka ya kurma ihu: "Aboki! You don buy am!" Wato ka saye ta ke nan.

Almu bai ko razana ba. Ya dubi tabon, ya dubi yatsansa, ya ce, "Oga, wannan ba ta da ƙwari. Kawo wata mu gani."

Ba a kawo wata ba. Jama'a aka tara. Ƙarshenta dai aka ga Almu a bayan keke napep rungume da kwali, kuma kafin ya sauka a ƙofar gida mai keken ya riga ya raba labarin ga duk wanda suka wuce.

Mun yi dariya, ni ma na yi, don ƙofar ɗakina na kallon tasa. Amma kaɗan ne cikinmu suka tsaya suka tambayi abin da ya kai mutumin da ko labarai a rediyo yake ji shagon filasma.

Almu daga wani ƙauye na ƙasar Sakkwato ya zo Ikko yana saurayi, cin rani, da niyyar komawa kafin shuka. Shukar da bai koma ba ke nan. Ya fara da dakon nama a mayankar Oko-Oba, ana ɗora masa ƙafar saniya a kafaɗa jini na bin bayansa, har ya samu teburin kansa. Mutum ne gajere mai faɗin hannu, maganarsa ba ta da yawa, kuma har yau bakinsa bai saki Sakkwatanci ba. Ya auri Rahmatu, haifaffiyar Agege, wadda in ranta ya ɓaci da Yarabanci take faɗa. Allah ya ba su Jabiru, sannan 'yan mata biyu da suke ɗakunan mazajensu yanzu.

Abu ɗaya Almu ya taho da shi daga ƙauye wanda Ikko ta kasa raba shi da shi: kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunan Jabiru ba. "Yaron nan" yake cewa, ko "kai". Bai ɗauke shi a gaban mutane ba, bai zauna tabarma ɗaya da shi ba. Rahmatu takan ce, "Malam, nan fa Legas ce, ba mai ganinka." Sai ya ce, "Ni ina ganin kaina." Lokacin da Jabiru ke buga wa ƙungiyar unguwa ƙwallo, uban kan je kallo, amma a bayan wata matacciyar motar danfo yake raɓewa. In yaron ya ci, sai ya yi tari ya kama hanyar gida.

Jabiru ya girma ya shiga aikin sauke shanu daga tirela. Wata safiya wani bijimi ya kufce daga igiya, ya haɗa shi da ƙarfen motar. An yi asibiti, an yi na gida, an sha rubutu. Aka dawo da shi ɗaki, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Da farko abokai sun cika ɗakin. Sannu a hankali suka ragu, don ba wanda ya san abin da zai ce wa ɗan ƙwallo in ƙafa ta tafi. Jabiru ya juya fuskarsa bango. Ya daina magana, abinci sai uwar ta yi kuka yake taɓawa. Almu kan dawo daga kasuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ɗansa na kwance taku kaɗan daga gare shi, ya ɗaga murya ya tambayi matarsa: "Ya ci abinci?" Ita kuma ta girgiza kai. Likita ya faɗa musu gaskiya: ƙashin baya ba zai kashe shi da wuri ba, amma in ya ci gaba da ƙin ci da ƙin motsi, kwanciyar ce za ta cinye shi.

Haidar, abokin Jabiru mai shagon gem, wato wasan tibi, a bayan masallaci, shi ya kawo shawarar. Ya tari Almu a teburinsa ya ce, "Baba, wallahi ba wanda ke cin Jabiru a gem ɗin ƙwallo a duk layin nan. Ni zan kawo na'urar gem da hannayen buga ta guda biyu. Kai dai ka samo tibi." Ya yi masa bayani dalla-dalla: kada ta yi girma, ɗakin ƙarami ne, ido zai gaji. Ta kasance tana da ramin da ake cewa HDMI a baya. Kada hotonta ya riƙa jan ƙafa a bayan wasa. Kuma marar shan wuta, wadda ƙaramin janareta zai ɗauka in an ɗauke. Ya ƙara da cewa, "Abeg Baba, mu je tare."

Almu ya ƙi. Ina shi ina ratsa kasuwa da abokin ɗansa, kowa ya san wa ake yi wa sayayya? Ya haddace sharuɗɗan kamar karatun allo, ya tafi shi kaɗai. A yi masa adalci, duk ya cika su. Ramin yana nan, girman daidai, ba ta shan wuta. Latsawar ce kawai ƙarin da ya yi daga iliminsa.

Kafa ta ma wani aiki ne. Jabiru ba ya iya zama ya daɗe, a kwance zai yi wasa. Haidar ya gwada ɗora ta kan tebur, ta yi ƙasa. Ya gwada bango, sai mai kwanciya ya karya wuya kafin ya gani. Almu ya kalli katakon rufi, ya fita. Ya dawo da ƙugiyoyi biyu na rataye nama da sarƙa, ya wanke su da ruwan zafi da sabulu. Aka kira ni in riƙe tsani. Ya rataye filasma daga sama ta ƙafar gado, ya karkato fuskarta ƙasa kamar yadda yake karkato haƙarƙari don mai saye ya ga kitse. Yana gyarawa yana ce wa Rahmatu, "Tambaye shi ko yana gani." Wanda ake tambaya kuwa bango yake kallo.

Haidar ya jona wayoyi, ya shiga saiti ya mai da ita yanayin gem, koren fili ya haska ɗakin. Sai ga baƙin tabo zaune daram a bakin ragar hagu.

"Ah ah! Baba, wannan fa?"

Almu ya ce daga kamfani take haka. Rahmatu, da ta riga ta ji komai a bakin famfo, ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ta kwashe labarin ta faɗa, har da kwaikwayon ihun mai shago, har da "kawo wata mu gani". Ina riƙe da tsani na ga kafaɗun Jabiru suna rawa. Na ɗauka kuka yake. Sai ya juyo, hawaye na zuba, yana dariyar da ba a ji a ɗakin ba tun ranar bijimi.

"Baba," ya ce, "ta kwana ne ko sabon yanka ce?"

Almu ya sauko daga tsani, ya ce ana kiran salla, ya fice. Da sauran lokaci sosai kafin a kira.

Ɗakin ya sake cika. Samari suka sa wa tabon suna Ramin Baba, don ƙwallo in ta shiga wurin ɓacewa take, sai dai a ji ihun 'yan kallo a san ta shiga raga. Ba a yi gardama a kai ba, tunda ana juya fili bayan hutu, kowa yana ɗanɗanawa. In jirgin ƙasa ya wuce, filasma ta riƙa lilo a kan ƙugiya, 'yan wasa su riƙa bin ta da kai. Jabiru ya koma cin abinci. Wanda zai lallasa mutane ai sai da ƙarfi.

Amma Ikko ba ta barin saurayi ya zauna. Wannan ya samu okada ya shiga acaɓa, wancan ya koma arewa. Haidar kansa ya rufe shago ya kama aiki a wata masana'anta a Ilupeju, ya bar wa abokinsa na'urar. Jabiru ya koma wasa da inji, kuma inji ba ya jin haushi in an ci shi. Rahmatu ta fara ganin kwano yana dawowa da saura.

Wata rana bayan la'asar Almu ya tsaya a bakin ƙofa zai yi tambayarsa ta kullum. Sai Jabiru ya miƙo masa hannun gem na biyu. Rahmatu ta ce mijinta ya daɗe a tsaye. Ya leƙa tsakar gida, ya saki labule, ya zo ya ɗosana a gefen gado kamar baƙon da ya zo biko.

Yatsun da suka saba da wuƙa da gatari ba a yi su don waɗannan 'yan maɓallai ba. In ya danna ɗaya, biyu ke shiga. 'Yan wasansa su riƙa gudu da ƙwallo zuwa ragarsu. Ta bango nakan ji Jabiru yana cewa, "A hankali Baba, wannan ba ta mai shago ba ce, ta Haidar ce." Almu kuma ya ce ramin ne ya cuce shi, ko da kuwa ramin yana ɓangaren ɗansa.

A nan ne uban ya samo hanyar magana. Ba ya tambayar Jabiru komai, 'yan wasan Jabiru yake tambaya.

"Wannan mai lamba tara naka, na gan shi ba ƙarfi yau. Ya ci abinci kuwa?"

"Ya ci, Baba. Rabin kwano."

"A ce masa ya ƙarasa."

"Zai ƙarasa."

"Bayan nasa fa? Yana damunsa?"

"Da sauƙi. In an juya shi yana jin daɗi."

Sai Almu ya ajiye hannun gem, ya sa hannuwan nan masu faɗi ya juya mai lamba tara a hankali, ya gyara masa matashi, su ci gaba. Haka suka yi rani guda da rabin damina. Almu bai taɓa ci ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa ganin mutumin da shan kashi ya karɓa kamarsa ba. Har ƙiba ya yi.

Da ruwa ya kankama, gyambon kwanciya ya buɗe a bayan Jabiru, zazzaɓi ya biyo. Ana wankewa, ana shan magani, yana lafawa yana dawowa. Bai yarda a daina wasa ba. Wata Laraba ina alwala a tsakar gida sai na ga Almu ya fito daga ɗaki da wuri, ya wuce bayan gida wajen tankin ruwa ya tsuguna. Na bi shi na ce lafiya?

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na ci shi."

Na buɗe baki zan yi masa barka, sai na ga fuskarsa.

"Biyu da nema," ya ce. "Kuma ba bar mini ya yi ba. Ina kallon hannunsa, ƙarfin ne babu."

Jabiru bai ga Juma'a ta sama ba. A wurin zaman makoki Almu ya zauna da carbi, ido a bushe, yana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu, yadda aka koya masa a ƙauye. Haidar ya zo daga Ilupeju bayan addu'ar bakwai, mun ɗauka na'urarsa zai karɓa. Ya shiga ɗakin, ya ga filasma a rataye da hannayen gem biyu a kan gado, ya fito hannu wofi.

Almu yana nan a teburinsa, ya ɗan rame, gashin baki ya yi fari. Mun daɗe ba mu tsokane shi ba. Kwanan baya ne a teburin shayi Saminu mai shayi ya kasa haƙuri. Ya miƙa masa kofi ya ce, "Baba Almu, zan sayi firji gobe. Ko za ka raka ni ka latsa mini, mu ji ko ta kwana?"

Kowa ya shiga hararar Saminu. Almu ya kurɓi shayi, ya ɗaga babban yatsan ya juya shi yana dubawa, ya yi murmushi.

"Ku yi dariyarku, ba komai," ya ce. "Tunda aka haifi yaron nan ban taɓa sa shi dariya ba sai ranar da na yi ɓarna. Da na san abin da sauƙi haka, wallahi da tun yana rarrafe nake bin shaguna ina latsawa."