Gugan Furera

Muntaka mai faci mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Dawakin Tofa, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan. Da damina manomi ne, da rani kuma ya baje kayansa a gindin darbejiya yana liƙe tayar keke da gugan roba. Allah ya yi shi da yawan kallon sama. Sai ka ba shi aiki, ka je ka dawo, ka tarar da almakashi a hannunsa, shi kuwa ya lula wata duniya.

A shekarun da aka yi fari, kaya suka yi tashin gwauron zabo, rijiyar gidansa ta gudu ƙasa har gaba goma sha takwas. Sabuwar roba ta gagari talaka. Gugan matarsa Furera faci ne a kan faci, kafin ya iso bakin rijiya rabin ruwan ya koma inda ya fito. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, shirun nan kuwa shi ya fi ci masa rai. Mai faci guda, a ce gugan gidansa ke yoyo! Burinsa a duniya bai wuce ya ga gugan nan ya hau cike ba.

Wata rana wani malamin makarantar kimiyya ya kawo kekensa faci. Cikin hira ya ce ai asalin roba ba baƙa ba ce, baƙin hayaƙi ake zuba mata ta yi ƙwari, a sa farar wuta kaɗan, a gasa. Malamin ya hau kekensa ya manta da zancen, Muntaka kuwa aka bar shi da shi.

Daga ranar ya shiga kankare baƙin gilashin fitila, nasa da na maƙwabta, yana tarawa a gwangwani. Mata suka ji daɗi, sun samu mai goge musu fitila kyauta. Yakan kwaɓa baƙin da sholisho, wato gam ɗin faci, ya barbaɗa farar wuta, ya danne da ƙarfe mai zafi. Yana damawa yana ganin wani guga a ransa, baƙi wuluk, yana tasowa daga duhun rijiya a hankali, ruwa na rawa a bakinsa, ko ɗigo babu.

Sai dai ya ɗauka roba ma kamar gona ce, in taki kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Ya gabza baƙin, ya ƙara da toka da farar ƙasa. Facin ya bushe ya farfashe kamar ƙanzo. Rani biyu ya yi yana ragewa da ɗan cokali, yana tsinka zaren auduga a ciki, kafin ya gane roba tana da iyakar abin da take ci.

Ranar da facin ya kama, da hantsi ya shigo gida ya miƙa wa Furera gugan, ya tsaya gefe yana kallo. Ta zura, ta ji ya nutse, ta fara ja. Gaba huɗu ta ja ta tsaya. Sai a lokacin ya lura da yadda farin nan ya cinye ta, har warwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu.

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Malam, ai da ma yoyon ne yake taimakona. Cikakke ya fi ƙarfina."

Kunya da tausayi suka rufe shi. Shekara biyu yana kallon guga, bai kalli mai jan gugan ba. Ya karɓi igiyar, ya jawo gugan, ga shi kuwa cike taf.

Tun daga ranar shi ke cika randunan gidan kafin ya fita gindin darbejiya. Mazan ƙauyen suka sa masa suna mijin-ta-ce, bai ko ɗaga kai ba. Haka ya yi shekara ashirin da uku, har ranar da Furera ta riga shi gidan gaskiya.